Wa ya ba su izinin yi mana ƙarya a jikin batir?

Duk wanda ya buga 128V a jikin batir mai ƙwaya 5 ya san ƙarya yake yi. Wanda ya ɗauko kwantena guda na wannan kaya ya shigo da shi ƙasar nan ya sani, babban dilan da ya raba wa ƙananan shaguna shi ma ya sani. Mutum ɗaya ne a cikin cinikin bai sani ba, shi ne wanda ya zaro kuɗin guminsa ya biya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau raina a ɓace ke nan, a kan wani inji da wasu za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba.

Injin hura ganye nake nufi, wanda masu shago ke kira bulowa. Bututu ne na roba mai fanka a ciki, ana maƙala masa batir a gindi, da ka matsa makunni sai ya feso iska mai ƙarfi ta kora ganye da tarkace gefe guda. Gidansa na ainihi ƙasashen da bishiyoyi ke zubar da ganyensu gaba ɗaya kafin shigowar sanyi, musamman Amurka, inda kusan kowane gida a bayan gari yake da filin ciyawa a gabansa. Shekaru da dama mai amfani da fetur ne ke sarauta a can, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai ƙara kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe. Ƙarar da hayaƙin suka ishi mutane. Birnin Washington ya haramta amfani da shi daga 1 ga Janairun 2022. A jihar Kalifoniya, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan doka a watan Oktoban 2021 wadda ta share hanyar daina sayar da sababbin ƙananan injinan fetur irin wannan daga ƙirar 2024. Hukumar kula da tsabtar iska ta jihar ta ƙiyasta cewa awa guda na aikin babban injin hura ganye mai fetur yana fitar da gurɓatacciyar iska mai haddasa hazo daidai da sabuwar ƙaramar mota da ta yi tafiyar mil 1,100, wato kimanin kilomita 1,770, nisan da ya haura Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba.

Saboda haka kada wani ya ɗauka ina yaƙi da mai batir ne don in kare mai fetur. Ina tare da mai batir ɗari bisa ɗari. Tun da aka sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, duk injin da zai yi aiki ba tare da an leƙa gidan mai ba rahama ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Kuma injin ya sami aiki a wurinmu wanda masu ƙera shi ba su yi tunani ba: masu wankin mota suna busar da lungunan mota da shi, masu gidan mai suna share farfajiya, masu sola suna kaɗe ƙurar hunturu daga faifansu, makarantu da masallatai masu darbejiya da mangwaro suna tattara ganye. Kaya ne mai amfani. Don yana da amfani ne ma ƙaryar da ake lulluɓe shi da ita take ƙona mini rai.

Bari mu yi lissafin tare, domin ba ya buƙatar digiri. Cikin kowane batir na irin waɗannan injina akwai ƙwayoyin litiyam masu siffar ɗan yatsa, mafi yawa irin da ake kira 18650, saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu kuma 65. Kowace ƙwaya ƙarfinta na aiki bolt 3.6 ne ko 3.7, idan ta cika maƙil ta kai 4.2. Wannan ba ra'ayin wani kamfani ba ne, haka sinadarin yake tun da Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991. Idan aka jera 5 a layi ɗaya, an sami bolt 18, a cike kuma 21. Kafin batir ya ba da bolt 128 na gaskiya sai an jera ƙwaya 35 ko 36. Kowace ƙwaya nauyinta kimanin giram 45 ne, ka ga ƙwayoyin kaɗai sun haura kilo ɗaya da rabi kafin a sa roba da waya. Yanzu ɗauki batirin nan da aka rubuta wa 88VF ko 128VF ko 198VF ka auna a tafin hannunka. Sannan ka juya cajarsa ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Za ka ga 21V. Cajar da ke fitar da bolt 21 ba za ta taɓa cika batir mai bolt 128 ba har tashin duniya. Su da kansu suka sa shaidar ƙaryarsu a cikin kwali ɗaya da ƙaryar, saboda sun tabbata ba mai dubawa.

Haka abin yake a lamba ta biyu, wadda ake rubutawa mAh ko Ah, mai nuna yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Mafi kyawun ƙwayar 18650 da manyan kamfanoni irin Panasonic da Samsung da LG ke yi tana wajen 3,500 mAh, kuma irin da ke jure jan wuta mai yawa, wadda ita ce ta dace da injin aiki, galibi tana tsakanin 2,000 da 3,000. Jera ƙwayoyi a layi ɗaya yana ƙara bolt ne kawai, ba ya ƙara wannan lamba. Batir mai ƙwaya 5 a jere, abin da ƙwaya guda ke riƙewa shi ne lambarsa. To daga ina 15,000 mAh ta fito? Daga ina 30,000 ta fito? Daga injin buga takarda ta fito. Mai kamfani ya dubi abin da abokin hamayyarsa ya rubuta, ya ƙara sifiri.

Duk wanda ya taso yana zuwa awo ya san mudun da aka buga wa gindi, wanda idan ka dube shi daga sama cikakke ne, sai ka je gida ka juye ka tarar an ci maka kashi ɗaya cikin biyar. Da a kasuwar Dawanau aka kama mutum da irin wannan mudu, da maganar ta kai gaban shugabannin kasuwa kafin la'asar. Akwai sura sukutum a Alƙur'ani da ta ɗauki sunanta daga masu tauye awo. Amma da yake wannan awon da haruffan boko aka rubuta shi, a jikin baƙar roba mai sheƙi, sai muka sallama, kamar tauye mudu ya daina zama haram idan abin da ake aunawa wutar lantarki ce. Kuma mai bugaggen mudu kashi ɗaya cikin biyar yake ci. Waɗannan suna rubuta maka ninki shida na abin da ke ciki.

Na ga yadda abin yake ƙarewa a wani masallacin unguwa mai manyan darbejiya a harabarsa. Dattijon da ke sharar wurin bayansa ya fara gazawa, sai masu kula da masallacin suka ga ya dace a sauƙaƙa masa, suka ciri kuɗi daga asusun da jama'a ke jefa 'yan canjinsu bayan sallah, suka sayo bulowa mai batir biyu da manyan lambobi a jikin kwali. Ranar farko kowa ya yi murna. Amma ko kusurwa ɗaya ba a gama ba batir na farko ya mutu, na biyu ya bi bayansa, aka koma jiran caji na sa'o'i a unguwar da wuta sai ta ga dama take zuwa. Kafin ganye ya gama zuba a wannan shekarar, batir ɗaya ya daina karɓar caji ɗungurungum. Da aka kai wa wani yaro mai gyaran batirin kwamfuta ya buɗe, ƙwaya 5 ce a ciki, ba ma iri ɗaya ba, tsofaffi ne da aka ciro daga wasu kayan aka naɗe su da sabuwar leda. Aka koma wurin mai shago. "Alhaji, ka duba abin da ka sayar mana, kuɗin masallaci ne fa." Amsarsa ita ce wadda kowa ya haddace: "Malam, ka yi haƙuri, kayan wuta ba su da garanti, ni ma haka na saro shi." Dattijo ya koma ga tsintsiyarsa da ciwon bayansa.

Wannan "haka na saro shi" ita ce mafakar kowa, daga mai shago zuwa dila zuwa mai shigo da kaya, har maganar ta faɗa teku ta ɓace. Ni ban yarda da ita ba. Mutumin da ya iya bambance wayar salula ta asali da jabu ta hanyar jin nauyinta a hannu, wanda ya san farashin dala na safe da na yamma, ba zai ce mini bai san batirin da yake sayarwa iri biyu ne ba. Da yawansu su ne ma ke zuwa masana'anta su ce a yi musu mai araha, a rubuta babbar lamba. Masana'antun Sin suna ƙera batir mai kyau ƙwarai ga wanda ya biya kuɗinsa, ai kayan manyan kamfanonin duniya da yawa a can ake haɗa su. Wanda ya zaɓi a loda masa shara don ya san mutanensa ba su da inda za su kai ƙara, shi ne ya ci amanar mutanensa.

Manyan kamfanonin ma ban wanke su ba, ko da yake laifinsu bai kai na waɗancan ba. Batirin da DeWalt ke sayarwa a Amurka da sunan 20V Max, irinsa ne yake sayarwa a Turai a matsayin mai bolt 18. Ƙwaya 5 ce a nan, ƙwaya 5 ce a can. A Amurka sun ɗauki ƙarfin batir lokacin da ya sauko daga caji bai fara aiki ba, suka buga shi da manyan haruffa, suka sa ɗan tauraro, can ƙasa cikin rubutun da sai da tabarau suka amsa cewa ƙarfin aiki 18 ne. Galibin waɗanda ake kira masu bolt 40 ƙwaya 10 ce a jere, wato 36. Mai bolt 56 ƙwaya 14 ce, wato 50 da ɗoriya. Za a ce ai sun bayyana, ba su ɓoye ba. Haka ne. Amma su suka koya wa mai saye cewa babbar lamba kafin harafin V ita ce ƙarfi, su suka buɗe ƙofar da ɓarayin suka shigo da gudu.

Inda suka fi ba ni haushi shi ne maganar tsawon lokacin aiki. Za ka ga an rubuta "har zuwa minti 60" ko "har zuwa minti 90". Kalmomin "har zuwa" ɗin nan su ne tarkon. An auna lokacin ne injin yana kan mafi ƙarancin gudunsa, iskar da za ta iya kora busasshen ganye a kan siminti mai santsi kawai. Wa ke sayen bulowa don ya yi aiki da ita a haka? Ganyen mangwaro da raɓa ta jiƙa, ganyen da ya maƙale tsakanin duwatsun intalok, tarkacen da ya cushe a kwata, duk sai an buɗe wuta gaba ɗaya. A nan ne lambar gaskiya guda ɗaya take aiki, wadda ake rubutawa Wh, kuma ana samunta ne idan aka ninka bolt da Ah. Batir mai bolt 18 da Ah 4 yana riƙe da Wh 72. Idan injin yana jan wat 60 a ƙaramin gudu, zai yi minti 72, kwali bai yi ƙarya ba. Idan ka buɗe shi yana jan wat 400, minti 11 bai cika ba zai tsaya. Batir ɗaya, inji ɗaya, minti 72 a kwali, minti 11 a tsakar gida. Manyan batura na bolt 56 da Ah 5, masu Wh 280 a rubuce, su ma idan injin ya buɗe yana jan wat 1,000 ba su kai minti 17 ba. Fanka mai tura iska da ƙarfi mayunwaciya ce, domin ba ta hutawa kamar injin huda katako da ake danna shi a saki. Kamfanin da yake mutunta mai saye zai rubuta lokutan biyu da haruffa masu girma ɗaya.

Ƙarfin iskar ma ana wasa da hankalin mutane a kansa. Lamba biyu ake bugawa, ɗaya ta yawan iskar da ke fita a minti guda, wadda ake rubutawa CFM, ɗaya ta saurinta. Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyo da yatsa ya san ruwa zai fita da gudu amma bai ƙaru ba. Mai ƙaramin inji sai ya tsuke bakin bututu ya sami babbar lambar sauri ya buga, alhali iskar ba ta da jikin da za ta ture tarin ganye. Akwai ma'aunin da ya haɗa biyun, wato ƙarfin turawa da ake aunawa da niyuton, harafin N, kuma kamfanoni irin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin suna buga shi. Ƙananan na hannu masu batir suna farawa daga wajen 5, manyan na goyo masu fetur suna kaiwa 40. Kwalin da ya cika da walƙiya da hoton guguwa amma babu N babu Wh, ya gaya maka abin da yake ɓoyewa.

Sai maganar daraja, wato ko abin ya ci kuɗinsa. Yawancin masu saye farashin ranar farko suke dubawa, kuma a nan ake kayar da su. Wutar cajin ba komai ba ce: ko a rukunin da ya fi kowa tsadar wuta, inda kilowat guda na awa ɗaya ya haura naira 200 tun 2024, cika batir mai Wh 72 bai kai naira 25 ba. Kuɗin yana cikin batirin da za ka sake saya. Bututu da fanka za su iya shekaru suna aiki, musamman idan injin cikin irin wanda ba ya amfani da kabon ɗin nan mai cinyewa ne. Batir kuwa yana da adadin cajin da zai ɗauka, 'yan ɗaruruwa, daga nan ya fara ja da baya, kuma a manyan kamfanoni sau da yawa kuɗin batir shi kaɗai yana kamo kuɗin injin ko ya wuce. Mai araha da zai mutu a cikin wata shida ya fi mai tsada tsada. Mai tsadar da ba a samun batirinsa a garinku shi ma asara ce mai jiran lokaci.

Kuma da gangan aka tsara abin ya zama haka. Ƙwayoyin da ke cikin baturan manyan kamfanoni daga 'yan masana'antu ƙalilan suke fitowa, bolt ɗinsu ɗaya, amma kowane kamfani ya sassaƙa bakin batirinsa yadda ba zai shiga injin wani ba. Na Makita ba ya hawa Milwaukee, na Milwaukee ba ya hawa Ryobi. Da ka sayi inji ɗaya an ɗaure ka, na biyu da na uku dole ka koma gidan. Ba wata matsalar fasaha ba ce ta hana, domin a Jamus kamfanin Metabo ya jawo wasu kamfanoni tun 2018 suka amince da batir guda, Bosch ma ya kafa nasa ƙawancen a 2020. Tarayyar Turai ta tilasta wa masu wayar salula caja iri ɗaya daga 28 ga Disamban 2024, kuma dokarta ta batura ta 2023 ta ce daga Fabrairun 2027 dole mai kaya ya iya cire batirin na'urarsa ya sauya da kansa. Inda hukuma ta tsaya, kamfanoni suna bi. Inda ta kwanta, sai su zuba abin da suka ga dama.

Masu arahar sun gano wata dabara, suna kwaikwayon bakin batirin wani sanannen kamfani don a ce ai suna shiga juna. Shiga kam suna shiga. Amma batirin litiyam yana buƙatar ɗan allon lantarki da ke tsare shi daga cika fiye da kima, da zuƙewa har ƙasa, da zafi. A tsarin wasu kamfanoni wannan kariya tana cikin batir, a na wasu wani ɓangarenta yana cikin injin ko cajar. Idan ka haɗa jabun batir da jabun caja, kana iya tashi babu kariyar ko ɗaya. Daga nan maganar ta bar asarar kuɗi ta koma ta rai. Ƙwayar litiyam idan ta kama wuta tana kunna maƙwabciyarta, wutar tana da wuyar kashewa, hayaƙinta guba ne. A birnin New York mutum 18 ne suka mutu a gobarar batirin litiyam a 2023, mafi yawa daga baturan kekuna da babura masu caji, a shekarar ce kuma birnin ya hana sayar da waɗanda ba su da shaidar gwaji. Can suna da motocin kashe gobara a kowace unguwa. Mu da muke barin caji a jone cikin dare don a lokacin ne wuta ke zuwa, a ɗakin da yara ke kwance, a kasuwannin da rumfa ke manne da rumfa, wa zai cece mu?

Ga kuma zafinmu, wanda babu mai shagon da zai faɗa maka. Littattafan da ke zuwa da waɗannan injina galibi suna cewa kada a yi caji idan zafi ya haura digiri 40 ko kusa da haka. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yana wuce wannan a inuwa, balle a shagon kwano da rana tsaka ko a bayan mota. Litiyam yana saurin tsufa idan ya zauna a cike cikin zafi. Batirin da zai yi shekaru a ƙasar sanyi, a nan kwanansa ya ragu tun yana kan kanta, kafin ma a saye shi. Wanda ya riga ya mallaka, ya bar batir ya huce bayan aiki kafin ya jona, ya ajiye shi a ɗaki mai sanyi, idan zai daɗe bai yi amfani da shi ba ya bar shi da rabin caji, kuma kada ya kwanta barci ya bar shi a wuta.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa ko da za ta rage ciniki: ba kowane gida ne ke buƙatar wannan inji ba. An ƙera shi don filin ciyawa da siminti. Tsakar gidan da ƙasa ce ko rairayi, idan ka sakar mata iskar bulowa a cikin hunturu, ƙura za ka tayar, da busasshen kashin kaji da na awaki, ka aika wa maƙwabcinka mai asma ta kan katanga. A irin wannan gida yayyafa ruwa da tsintsiya sun fi, kuma ba sa jiran caji. Wanda yake da ƙaramar farfajiya kusa da soket, mai waya ya fi masa araha, ba ya gajiya, ba shi da batirin da zai mutu. Mai batir na wanda filinsa ke da faɗi ne, ko wanda sana'arsa ke yawo da shi.

Yanzu ina hukumomi? Muna da SON, wadda aikinta ne tabbatar da ingancin kaya, tana ma da tsarin SONCAP da ya ce a tantance kaya tun kafin su baro ƙasar da aka ƙera su. Muna da FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, dokar da ta haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya a kan kaya. Jihohi irin Kano suna da nasu hukumomin kare haƙƙin masu saye. Wannan ƙaryar ba ta buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Mitar auna wuta ta hannu, irin da kowane mai gyaran rediyo ke da ita, da sikeli, da sukundireba, sun isa a tabbatar da ita cikin minti biyar a bakin tashar jirgin ruwa ko a tsakiyar kasuwa. Ina kira gare su da su wajabta rubuta Wh da adadin ƙwayoyi a jikin kowane batir, su kama mai shigo da kaya da sunansa, ba yaron shago ba, su kuma tilasta garanti a rubuce. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa ana ta jawabai a kan makomar ƙasa. Ƙasar da ake haƙo wannan ma'adini daga cikinta bai kamata ta zama jujin da ake zubar da matattun ƙwayoyin duniya ba.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma ina magana da ku, ku da malaman da ke wa'azi a masallatan kasuwa. Kuna tsawatarwa a kan algus a hatsi da manja, kun kyauta. Ku ƙara da wannan. Ɗan kasuwar da zai fito ya ce wa mai saye, "Yallaɓai, wannan lambar ado ce, bolt 18 ne, zai yi maka minti goma, ga farashinsa," ba zai rasa ciniki ba, zai sami wanda zai dawo ya kawo ɗan'uwansa.

Kai kuma mai karatu, kafin hukuma ta farka, kare kanka. Kada ka tambayi bolt nawa ne, tambayi Wh nawa ne, idan ba a rubuta ba ka ninka da kanka, da bolt ɗin da ke bayan caja. Ɗauki batirin ka ji nauyinsa. Tambayi kuɗin batir shi kaɗai, da inda za ka same shi baɗi. Sannan ka ce a cika shi, a buɗe injin har ƙarshen gudunsa a gabanka, ka riƙe agogon wayarka har ya tsaya. Idan mai shago ya ce ba a gwadawa, mayar da kuɗinka aljihu ka wuce shago na gaba.